Gari Biyu da Irin Kawu Arzika

Da sunan Allah mai saukar da ruwa gwargwado, wanda ba ya ƙara ɗigo bisa kuskure, ba ya rage ɗigo bisa mantuwa.

Duk shekara in damina ta kawo kai, akan turo ɗalibai tashar awon yanayi da na yi aiki a Birnin Kebbi, su koyi aiki. Ko da na ajiye aiki ban daina leƙawa ba, don daga gidana a Badariya keke ɗaya ne. Bana na tarar da wasu sun kewaye kwamfuta, ɗayansu yana cewa, "Baba Attahiru, wannan ai aikin hutu kuka ci. In allo ya yi ja ka ce za a yi ruwa, in bai yi ba ka ce a shanya kaya." Sauran suka yi dariya, ni ma na taya su. Na ce zan rubuta musu yadda aikin yake, su karanta in sun huta daga hutun.

Ranar da na fara, maigidana a sana'a, Malam Sambo, Allah ya jiƙansa, bai bar ni na shiga ofis ba. Ya kai ni bayan gini, wurin da aka kewaye da waya, ya nuna mini gwangwanin awon ruwa. Gwangwani ne na ƙarfe da aka kafa a ƙasa, da mazurari a bakinsa da kwalba a cikinsa. Kowace safiya za ka juye abin da ya taru cikin wata siririyar kwalba mai zane-zane, ka durƙusa har idonka ya yi daidai da bakin ruwan, sannan ka karanta. In ka karanta a tsaye ka ƙara wa damina abin da Allah bai ba ta ba. Kusa da shi akwai farin akwati mai tagogi, da ma'aunin zafi biyu a ciki. Ɗaya tsirara yake, ɗaya an naɗe masa jiƙaƙƙen ƙyalle, Malam Sambo yana kiransa mai rawani. In iska busasshiya ce takan zuƙe ruwan ƙyallen, mai rawani ya yi sanyi ya sauka ƙasa da ɗan'uwansa sosai. In iska ta ƙoshi da laima sai su tsaya kafaɗa da kafaɗa. Damina guda na yi ina wanke rawanin nan, ina korar ƙadangaru daga mazurari, ina gyara shingen da awaki suka ture, kafin a yarda na rubuta lamba da hannuna.

Ni ɗan makarantar allo ne kafin in zama ɗan boko, kuma har yau in zan rubuta wa kaina abu, da ajami nake yi. Malam Sambo bai hana ni ba. Cewa ya yi lambobin hukuma a boko, sauran kuma tsakanina da alƙalamina.

Masu zuwa tambaya ba su yankewa. Matan da ke turara shinkafa suna son sanin ko su baza ta a tabarma. Mai albasa yana tsoron laima ta shiga rumbunsa. Masu aikin hanya, masu ɗaurin aure, har wani mai ginin laka daga Gwadangaji da ya zo sau uku a mako ɗaya, ya ce in dai katangarsa ta faɗi ni zai kama. Abin da na koya daga gare su shi ne, ba wanda yake tambayar ruwa don ruwa. Kowa akwai abin da ya ajiye a waje.

Aikin da ya fi cin rai shi ne awon ɗigo. Gwangwani yana gaya maka yawan ruwan da ya zuba, amma ba ya gaya maka da wace siffa ya zo, alhali ƙasa ta san bambanci. Mamako mai ƙananan ɗigo yana ratsa ta a hankali. Manyan ɗigo kuwa dukanta suke yi, su daɓe fuskarta, ruwan ya gudu. Ga yadda muke aunawa. Ka sami fulawa sabuwa wadda ba ta kwana kusa da randa ba, ka tankaɗe ta cikin faranti, kada ka danna, ka share samanta da gefen rula sau ɗaya, ka rufe. In ruwa ya kankama ka fita tsakiyar fili, nesa da bishiya da indararo, ka miƙa hannu gaba don kada ruwan hularka ya ɗiga ciki, ka buɗe murfi gwargwadon faɗin bisimilla, ka rufe. Kowane ɗigo da ya faɗa ya dunƙule gari daidai girman jikinsa. Ka bar shi ya kwana, da safe ka kai gidan burodi. Akwai wani mai burodi a Nasarawa da yake sa mana farantanmu a wutar ƙarshe bayan ya kwashe nasa. In sun gasu sai su fito 'yan dunƙule-dunƙule masu tauri, ka zuba su a jerin rariya, mai manyan ido a sama, mai ƙanana a ƙasa, ka girgiza, ka auna kowane kashi a sikeli. Na yayyafi sukan fito kamar tsaki, na mamako kamar gero da dawa, manyan kuwa kamar gujiya.

Fulawa kaɗai ke yin wannan aiki. Mun gwada garin gero a shekarar da fulawa ta yi wuya, ba ya riƙe ɗigo, yana shiga rariya ya wargaje. A tashar ba ma cewa faranti ko fulawa, gari kawai muke cewa. "Ka fitar da gari?" "Me gari ya nuna?" Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na daɗe a aiki kafin na ga na'urar hangen hadari da ake kira rada. Wasu masu bincike daga wata jami'a suka kawo ta a bayan babbar mota, suka kafa a filinmu, suka yi damina uku tare da mu. Shugabarsu Dakta Rakiya, mace mai haƙuri da tambayar tsoho. Ita ta bayyana mini cewa aikin na'urar kamar mutum ne ya tsaya gaban dutse ya yi kira ya saurari amsa-kuwwa. Tana aika kira cikin hadari, ɗigon ruwa ya mayar mata da amsa, in amsar ta yi ƙarfi allo ya yi ja.

"Amma Malam Attahiru," in ji ta, "na'urar nan tawa mai son manya ce. In ɗigo ya ninka ɗan'uwansa faɗi sau biyu, ruwan cikinsa sau takwas ne, amma amsarsa sau sittin da huɗu. Manya kaɗan sai su cika mata kunne, ta ɗauka ambaliya ce."

Na ce, "To ai haka taron ƙauyenmu yake, Dakta."

Ta yi dariya, ta ƙara da cewa akwai matsala ta biyu. Kiran na'urar miƙewa yake yi yana hawa, don haka kafin ya kai saitin Argungu ya wuce inda shaho ke shawagi. Abin da take gani ruwan da ke can sama ne. Abin da zai same shi a hanya kafin ya taɓa ƙasa, ba ta sani ba. Shi ya sa ta nemi garinmu. Ita tana auna ɗigo a sama, ni ina tare shi a ƙasa, da safe mu haɗa mu ga nawa ya iso. Na ji an ce na'urorin yanzu har siffar ɗigo suna ganewa, su san babba don yakan baje kamar masa, ƙarami kuwa a dunƙule yake. Madalla. Amma har yanzu a sama suke ganinsa.

Wata mugunyar shekara ta faɗo a daminarsu ta biyu. Ruwa ya ɗauke gero yana ɗauke da ciki, ya bushe a tsaye a tudu. Sannan ruwan da aka yi can gabas ya gangaro, kogi ya cika ya shanye shinkafa a fadama. Kafin bazara mutane da yawa sun daka irinsu sun ci.

Ina da kawu, yayan mahaifiyata, Kawu Arzika, a wani ƙauyen tudu bayan Argungu. Shi bai ci nasa ba. Ya zuba shi a tulu da toka, ya liƙe bakin da laka, ya sa a ƙuryar ɗaki. Wani gero ne mai gajeren kai mai saurin nuna da ya gada wurin mahaifinsa, ba a samunsa a kasuwa. Tulun nan ɗaya ya rage a duk danginmu. In ya tafi, irin ya tafi, abincin gidan Kawu na shekara ma ya tafi.

Mutanenmu suna da al'adar binne, a can bizne suke cewa. Ka shuka a busasshiyar ƙasa in ka ga hadari na tafe, iri ya kwanta yana jira. In ruwan ya yi yawa ka riga kowa. In kuwa ya yi kaɗan, ya jiƙa iri har ya tsiro sannan rana ta biyo baya, ka binne shi ke nan binnewar gaske. Ga tsoho irin Kawu binne yana da wani amfani. Kafin ruwa maƙwabta suna da sarari, za su taya shi. In ruwa ya sauka kowa gonarsa zai nufa, kuma yashin tudu ba ya jiran mai sanda.

Farkon daminar da ta biyo baya, wata yamma, hadari ya taso mana a Birnin Kebbi. Allon Dakta ya yi ja kamar gauta. Ɗigo yana faɗowa kan kwano kamar ana jifa da tsakuwa. Na fita da gari na tare. Da safe na durƙusa gaban gwangwani, abin da ke ciki ko alwalar yaro ba zai yi ba. Da aka gaso farantin, 'yan dunƙule kaɗan ne, duk manya, rariyoyin ƙasa babu komai. Mai rawani kuma yana can ƙasa, nesa da ɗan'uwansa. Dakta ta duba ta ce, "Ka gani? A sama akwai ƙanana da yawa. Iskar ƙasa ce ta shanye su a hanya, manyan kaɗai suka tsira." Ta kuma nuna mini wani hadarin da ke haɗuwa gabas da Argungu, ta ce kamarsu ɗaya da na jiya, kuma iskar ba ta sake ba.

Na san Kawu yana dakon hadarin farko. Shi ba ya riƙe waya, sai 'yarsa Kulu, taubashiyata, da ke aure a ƙauyen. Na kira, kira ba ya shiga, iskar jiya ta taɓa musu layi, saƙo kaɗai ke lallaɓawa. Na rubuta mata: "Ki gaya wa Kawu kada ya yi binne. Gari bai nuna ruwan shuka ba."

Bayan azahar amsa ta shigo: "Baba ya ce ka fito daga ofis ka ɗaga kai. Yau da la'asar za mu bizne."

Na karanta saƙona na sake karantawa, sannan na ga abin da ya faru. A baki, garin tuwo da garin da ake ɗaga kai a duba ba su taɓa haɗuwa ba, ɗaya ana jan sa, ɗaya ba a ja. A ajami ma haka, na tuwo yana da alu, wannan tsayayyen baƙi mai kama da sanda, ɗayan babu. Boko ne ya sa musu riga ɗaya. Kulu ta karanta masa garin sama, shi kuma ya duba sama ya ga hadari baƙi ƙirin.

Na ɗauki gwangwanayen madara biyu. Ɗaya na zuba dunƙulen jiya, ɗaya na wani mamako na tsakiyar daminar da aka yi albarka, wanda muka ajiye don gwadawa. Na nemi izinin Dakta, na shiga motar Argungu, daga can na hau kabu-kabu.

Na iske su a ƙofar gida. An fasa bakin tulu, iri yana cikin ƙwarya. Maƙwabta sun zo da sungumi, babbansu Noma, abokin Kawu tun suna yara. Gabas ta yi baƙi, iska mai sanyi tana kaɗa ganyen darbejiya. Kulu ce ta fara hango ni.

"Ga mai auna ruwa da cokali ya iso! Tobashi, can birni ruhin kwano ya hana ku ganin sama?"

Na ce, "Ke dai da aka kai makaranta kika dawo ba ki san tuwo ba, ki bari in gaida manya."

Na durƙusa na gaida Kawu. Ya amsa a taƙaice, ya nuna sama da haɓa.

"Attahiru, kai ka aiko a hwaɗa mani gari bai nuna ruwa ba? Ko makaho ya ji sanyin wanga hadari."

"Kawu, ba wannan garin ba. Gaari. Na tuwo. Wanda nake tare ɗigo da shi."

Ya kalle ni. "Gaari?"

"Gaari, Kawu."

"To mi ya hana ka sa mai alu?"

"Boko ba shi da alu, Kawu."

"Shi ya sa," in ji shi, ya juya wajen Noma. "Shi ya sa ba su san inda aka ja ba, ba su san inda aka tsayawa ba."

Aka fashe da dariya, Kulu har da riƙe ciki, tana cewa ita abin da aka rubuta ta karanta, in wawa ya aiko wasiƙa ba laifin mai karatu ba ne. Amma Kawu bai rufe ƙwaryar ba.

Noma ya ce, "Sama ko tuwo, Arzika, lokaci na tahiya. Waɗanda sunka dawo daga birni jiya sun ce ɗigo kamar jihwa. Direban injin su Attahiru da bakinai ya ce abin ya yi ja."

Na ce, "Duk gaskiya suka faɗa, Baba Noma." Na buɗe gwangwanayen, na juye na jiya a tafin Kawu na dama, na mamako a na hagu. Na dama 'yan gujiya ne suna birgima. Na hagu ya cika tafin har yana zuba ta tsakanin yatsu. Na gaya masa bisimilla ɗaya aka buɗe wa kowanne, na dama kuma shi ne wanda ya yi ja, ya yi ƙara a kwano. Na gaya masa yadda busasshiyar iska ke cinye ƙananan a hanya.

Ya ɗaga hannun dama ya sauke, ya ɗaga na hagu ya sauke, kamar mai tayin hatsi.

"Ka rantse ba a yin ruwan shuka yau?"

"Ba na rantsuwa a kan abin da ke hannun Allah, Kawu. Abin da ya faɗo jiya na auna. Na yau ban sani ba. Na dai san hadarin nan ƙanen na jiya ne, iskar da ta cinye wancan tana nan ba ta ƙoshi ba."

"In na jira, anka yi ruwa mai yawa hwa?"

"Ka rasa hannun mutanen nan. Kai da Kulu za ku shuka abin da kuka iya, saura ya tsaya fili."

"In na bizne, anka yi irin wanga?" Ya ɗaga hannun dama.

Ya fi ni sanin amsar wannan. Tsawa ta yi gunji daga nesa. Noma ya gyara sungumi a kafaɗa ya ce, "Arzika, da girmanka hulawar burodi za ta hana ka shuka?"

Kawu ya mayar mini da dunƙulen cikin gwangwanayensu, kowanne a nasa, ya kakkaɓe hannu. Ya ɗauki faifai ya rufe ƙwaryar.

"Kulu, kwaɓo laka."

Ya yi wa maƙwabta godiya, ya ba su haƙurin tasowar da suka yi. Wasunsu suka wuce gonakinsu da irinsu, suna tafe suna waiwaye suna dariya.

Kafin magariba hadarin ya iso. Iska ta yi ta'adi, ɗigo ya yi ta dukan ƙasa yana tayar da ƙura, sannan ya wuce yamma. Da ya ɗauke, Kawu ya fita bakin gona ya soka yatsa. Gaɓa ɗaya ta jiƙe, ƙarƙashinta gari. Wannan na ƙasa ne, shi ma da alu.

Rana ta biyo baya ta daɗe. Binnen da aka yi ya tsiro a wurare, ya yi kore kamar abin kirki, sannan ya ƙone. Ba abin dariya ba ne, kuma ba wanda ya yi. Kada kuma ku ɗauka binne wauta ce. Na ga shekarun da mai binne ya ci, mai jira ya yi cizon yatsa, na kuma ga ranar da hadari ƙanen na jiya ya juye ruwa har gwangwanina ya tumbatsa. Mu awo muke yi, ba hukunci ba.

Ruwan shukar gaske ya zo wata safiya, ba tsawa, ba iska, mai rawani ya hau ya tsaya kusa da ɗan'uwansa. Allon Dakta ko ja bai yi ba, kore ne shimfiɗe daga Birnin Kebbi har bayan Argungu. Na tare shi a tsakar fili da farantina, da aka gasa, rariyoyin ƙasa suka cika a karon farko a daminar. Daga baya Kulu ta ba ni labari cewa Noma ne ya fara sallama a ƙofar Kawu da sunguminsa, waɗanda nasu ya ƙone suka biyo shi, don ba su da abin da za su kai gonakinsu. Suka shuke gonar Kawu kafin rana ta take, shi kuma ya raba musu abin da ya rage a gindin tulu.

Bayan kaka, ina tankaɗe a bayan ofis, sai ga Kulu ta sauko daga keke, direba yana jan buhu a bayanta. An yi rubutu a jikin buhun da gawayi, ajamin Kawu ne, kalma ɗaya. Alun da ke cikinta ya taso daga bakin buhu har gindinsa, tsawon ƙotar sungumi.

"Baba ya ce a kawo ma na awon ruwa," in ji ta. "Ya ce ya ja alun da kyau, kada ɗan boko shi ɗauka sama anka aiko mai."

Na kwance bakin buhun, garin gero ne na sabon hatsi, ƙamshinsa ya cika wurin. Dakta ta leƙo ta tambaya ko zai yi a faranti. Na ce ba ya riƙe ɗigo, amma yana riƙe miya. Ranar duk tashar tuwo muka ci.